Ganyen da Kakana Ya Ƙera

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Kakana, mahaifin babana, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa da ke unguwar Balsall Heath a Birmingham, yana zaune a kujerarsa, tabarau a goshi. Maƙwabcinsa ne ya same shi. Aka kira Baba a asibitin da yake aiki a Oxford Road cikin Manchester, shi kuma ya zo ya ɗauke ni daga makaranta ana tsakiyar darasi. Daga Manchester har Birmingham bai ce komai ba, sai sau ɗaya da ya tambaye ni ko na ci abinci. Bai yi kuka ba. A maƙabarta ma, an ce, bai yi ba.

Falon Kaka ƙarami ne. Maza suka cika shi har kan matakala, mu mata muna ɗakin baya da kicin. Kicin ɗin kuwa tun ranar farko ya koma hannun Hajiya, kakata ta wajen uwa, wadda ta zo daga Kano yi wa Mama wankan jego, rasuwar ta same ta a nan. Ita ta ba ni aikin kai shayi. Mai kai shayi ba a ganinta, saboda haka na ji duk abin da aka faɗa.

Wani likita abokin Baba ya shafa addu'a, ya ce, “Allah ya jiƙan mahaifinka. Ai engineer ne ko?”

Baba ya ce, “To, kusan haka. Yana harkar ƙarfe.”

Wani ya ce shi ya ɗauka lecturer ne da ya yi retire. Wata aminiyar Mama ta ce mutum ne mai shiru, Allah ya sa shirun nan ya zame masa haske a kabari. Ɗaliban jami'a guda uku suka shigo da jakunkunansu a baya, ɗayansu ya cire tabaransa yana nuna wa na kusa da shi inda Kaka ya liƙe masa ƙafar tabaran a harabar masallaci. Maƙwabcin da ya same shi, wani tsoho ɗan Yaman, ya zo da butar gahawarsa ta tagulla. Ba ya jin Hausa. Ya bi kowa ya zuba masa, duk wanda ya zuba wa sai ya taɓa bakin butar da yatsa, ya nuna kujerar Kaka, hawaye na bin gemunsa.

Kwana biyu ina kai shayi, ban ji wanda ya faɗi kalmar ba. Kakana maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Da Hausa nake rubutawa, domin duk lokacin da na yi masa Turanci sai ya kama kunnensa ya ce, “Kunnen nan ya yi ritaya daga Turanci, Mai-ido. Sake faɗa.”

Mai-ido yake kira na, wai ina da ido ba ni da baki.

A kan kantar da ke saman murhun falonsa akwai tuluna biyu iri ɗaya. Tagwaye yake ce musu: Hassana ita ce ta wajen taga, Usaina ta wajen ƙofa. Tsawon kowace ya kai daga yatsuna zuwa kafaɗata. Jikinsu dutsen marmara ne, kore mai duhu da fararen jijiyoyi. Gindinsu da murfinsu da hannayensu tagulla ce da aka yi wa ruwan zinare. Hannayen kawunan raguna ne, biyu-biyu, kuma daga ƙahon wannan rago zuwa na wancan an rataya wata sarƙa ta ganyaye. Ganye ashirin da biyu ne a jikin kowace. Na ƙirga su ya fi a ƙirga. Idan zai yi salla a falo, sai ya lulluɓe kawunan ragunan da hankici, yana cewa, “Ku yi haƙuri, ragunan da suka fi ƙarfin layya.”

Yana saurayi ya baro maƙerar mahaifinsa a Kano, ya zo Birmingham koyon aikin ƙarfe irin na makaranta, da niyyar ya koma ya koyar. Bai koma ba. Ya samu aiki a shagon wani tsohon Bature da ke gyara kayan da, irin su agogo da fitilu da hannayen akwatuna, ya zauna a nan har shagon ya rufe. A can tagwayen suka same shi. A cikin kwali aka kawo su, an cusa tsoffin jaridu, wuyan ɗaya ya tsage, ganye ɗaya kuma ya ɓalle ya ɓace. Mai su da ya ga yadda suka lalace sai ya ce ba ya so. Kaka ya riƙa gyara su a hankali bayan an tashi aiki. Ranar da aka rufe shagon, maigidan ya ce ya tafi da su, don shi kaɗai ne ya taɓa yi musu kallon mutunci.

Ina 'yar shekara tara na tambaye shi ko na sarki ne.

Ya ce, “Na sarki suna can Faransa, a bayan gilashi. A can aka fara yin irinsu, don fadar sarakunansu. Bayan shekara ɗari ko fiye, masu hali suka ce su ma suna so, sai wasu maƙeran suka zauna suka kwaikwaya. Waɗannan daga cikin kwaikwayon suke. Tsofaffi ne, amma suna da iyaye.”

Na ce ta yaya ya sani? Ya ji daɗin tambayar. Ya sa safar hannu, ya kwance murfin Usaina, ya zaro wani dogon noti daga ciki, ya ba ni gilashinsa na ƙara girma.

“Dubi zaren da aka yanka a jikin notin. Kin ga duk daidai yake, babu wanda ya fi wani? Inji ne ya yanka. Na farkon da hannu ake goga su, za ki ga wani ya yi kauri, wani ya rame. Fuska tana iya yi miki ƙarya, Mai-ido. Ki riƙa duba inda maƙeri bai zaci za a duba ba.”

Duk hutun makaranta a wajensa nake yin sati ɗaya, kuma duk Asabar da safe ranar tagwaye ce. Yakan shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, hannu ɗaya a gindi, ɗaya a ciki, bai taɓa ɗaga su ta kan ragunan ba. Kayan aikin ba su da yawa: safar hannu ta auduga, da wani buroshi mai laushi kamar na hodar Mama. Ba sabulu, ba ruwa, ba man goge ƙarfe. Mukan bi ganye-ganye, daga sama zuwa ƙasa.

“Ƙura baƙuwa ce,” in ji shi. “Rakiya ake yi mata, ba kora ba.”

Sau ɗaya na manta na kai yatsa babu safa. Bai yi faɗa ba, ya dai riƙe min hannu a iska. Ya ce ruwan zinaren nan bai kai kaurin hucin da mutum ke yi wa madubi ba, gumin yatsa ma yana cin sa. Duhun da ke lungunan ganyayen kuma ba datti ba ne, shekaru ne. Wanda ya goge shi ya goge shekarun, kuma babu kasuwar da ake sayo su.

Sai maganar ganyen. Wanda ya ɓace ɗin nan, shi ya ƙera madadinsa. Ya danna kakin zuma a kan ɗan'uwansa ya ɗauki siffa, ya rufe kakin da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbin. Ya ce haka mahaifinsa yake zuba munduwa a Kano, babu abin da ya ƙara. Daga nan ya yi makonni yana fitar da jijiyoyin ganyen da 'yan ƙananan kurfi na sassaƙar ƙarfe, ya kai wa wani abokinsa ya yi masa ruwan zinare, ya dawo ya riƙa dusashe shi har ya yi tsufa daidai da sauran. Amma bai taɓa faɗa min wanne ne ba. Ko a jikin wace tagwai yake, bai faɗa ba.

“Ki nemo shi. Ranar da kika gan shi, kin zama maƙeriya.”

Dokar ita ce ba a canki-canka. Idan na nuna ganye, sai na kawo dalili. In dalilin bai yi ba, ba zai ce eh ba, ba zai ce a'a ba, sai dai ya yi dariya ya ce, “Buroshi, Mai-ido.” Shekara biyar ina nema. Na ce wannan ya fi ƙyalli. Na ce wancan bakinsa ya fi kaifi. Na ce na kusa da ƙaho ya ɗan karkace. Duk dariya. Wani lokaci nakan ji haushi, in ce ai ma babu wani ganye, zolaya ce. Sai ya ce, “To alhamdu lillahi, aikina ya yi kyau ke nan.”

Yana da wasu ɗabi'u da nake tsoron kar in manta, bari in ajiye su a nan. Ba ya shan shayi sai ya huce sarai. Duk ƙofar da ya shiga, sai ya murɗa hannunta sau biyu ya ji ko yana lilo, har a gidan mutane, kuma akwai ɗan sukundireba a aljihun rigarsa saboda haka. Babban yatsansa na dama ya baje, farcen ya yi kauri kamar ƙaho. Idan an yabi abinci ba ya cewa ya yi daɗi, sai ya ce, “An yi aiki a nan.” Tun da Kakata matarsa ta rasu, kafin a haife ni, kofi biyu yake wankewa kullum, ko da ɗaya ya sha.

Rigima ɗaya na taɓa gani tsakaninsa da Baba. Bara ne, bayan ya zame a matakala, likitansa ya ce bai kamata ya ci gaba da zama shi kaɗai ba. Baba ya zo takanas don ya tafi da shi gidanmu da ke unguwar Fallowfield a Manchester. Ina zaune a ƙasa kusa da hita, sun manta da ni.

Kaka ya ce, “Da tagwaye da kayan aikina?”

“Baba, flat ne fa, babu space. Ga yara. Ka bari a kai su auction.”

“A'a.”

“Don Allah, Baba. Copy ne fa, kai da bakinka ka faɗa. Ba original ba ne. Ka zauna kana faɗuwa a matakala saboda copy?”

Kaka ya sauko da tabaransa ya ƙare masa kallo. “Kai ma ai kwafi ne. Hancin nan na ubana ne, kunnuwan na uwarka. Na kai ka gwanjo?”

Na toshe baki don kar dariya ta fito. Baba bai yi dariya ba. Kaka ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce wanda ya fara yin abu, son ransa ya bi. Wanda ya kwaikwaya kuwa sai da ya sauke girman kai, ya bi hannun wani mutum da bai taɓa gani ba, ganye bayan ganye. Haka shi ya koya a gaban mahaifinsa, haka mahaifinsa ya koya.

Baba ya ce, “To me ya sa ni ka tura ni medicine, in zama likita? Ko guduma ba ka taɓa bari na riƙe ba.”

Kaka ya dubi tafin hannunsa.

“Don kar hannunka ya yi baƙi na tura ka. Ban san za ka zo kana jin kunyar nawa ba.”

Baba ya tashi ya fita, ya zauna a mota. Ina hango shi ta taga, hannunsa biyu a kan sitiyari, motar a kashe. Sati uku ba su yi waya ba. Kaka ne ya fara kira, wai yana tambaya ko farar ƙwayar ce ta safe ko ja. Ya fi shekara goma yana shan ƙwayoyin nan. Baba ya yi masa bayani dalla-dalla kamar bai sani ba. Ba a sake tayar da maganar ƙaura ba, maganar hannu ma ba a sake ba.

Zuwana na ƙarshe, hannunsa yana rawa, ni na yi sharar duka yana kallo. Na nuna wani ganye a jikin Usaina, na ce jijiyarsa ta tsakiya ta fi zurfi. Ya yi dariyar, amma gajeriya. Ya ce, “Hutu mai zuwa, in ba ki gani ba, zan nuna miki. Na gaji da riƙe sirri ni kaɗai.” Na ce a'a, kar ya nuna, zan gani da kaina. Ni na ce haka. Saura sati biyu a yi hutun, Allah ya yi masa rasuwa.

Don haka duk kwanakin zaman makokin, ina kai shayi ina satar kallon kanta. Mutum arba'in a gidan, babu wanda ya san akwai ganyen, wanda ya sani kuma an rufe shi da ƙasa.

Ranar uku za a yi addu'a da hantsi. Hajiya ta tashi tun asuba. Ta ce gidan surukinta ba zai karɓi baƙi da kaya dusu-dusu ba, ai sai a ce ba shi da kowa. Ta wanke labule, ta goge tagogi, ta fito da farantan shayi ta dirje su har suna ɗaukar ido. A gidanta na Kano akwai tasoshin tagulla na gado, an san ta da su, duk salla sai ta goge su da lemun tsami da toka. A nan babu toka, sai ta haɗa lemun tsami da gishiri, ta samo soson ƙarfe a ƙarƙashin famfo.

Na sauko daga sama na ga kantar babu komai.

Suna kicin. Usaina tana tsaye a kan tebur. Hassana tana kwance a kan tawul kusa da famfo, Hajiya ta naɗe hannun riga, ta riga ta gama da rago ɗaya.

“Yawwa, 'yar albarka, kin tashi? Dubi dattin da ke jikin abin nan. Namiji shi kaɗai a gida, ina zai iya? Allah sarki, bawan Allah.”

Na tsaya a bakin ƙofa. Na san abin da ke faruwa, na san shi sarai. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Hajiya ce. Mahaifiyar Mama. Ban taɓa ce mata a'a ba, ko a kan ƙarin tuwo. Kuma tana yi ne tana hawaye, tana karanta Ƙulhuwallahu tana bai wa Kaka ladan. Ta yaya yarinya za ta ce wa babba ta ajiye aikin alheri? Na ce a raina bari in kira Mama, Mama tana shayar da jariri a sama. Na ce bari in kira Baba, ƙafata ta ƙi ɗagawa. Ina tsaye ina jin ƙarar soson, ƙurr, ƙurr, ina kallon wani ruwa baƙi-baƙi mai ɗan ƙyalli yana gangarawa cikin rariya. Ta bi rago na biyu. Ta bi sarƙar ganyen, gaba da baya. Hajiya ba ta aikin rabi.

Ban san minti nawa ba ne. Na dai san da zan iya tsayar da ita a rago na farko, ban yi ba. Wannan nawa ne, ba nata ba.

Ta ɗauraye Hassana, ta tsayar da ita, ta ja baya tana kallo. Ta ɗan yamutsa fuska. “Ikon Allah. Ita wannan tagullar tasu ja take yi in an wanke?” Sai ta matse sabon lemo a kan soson, ta miƙa hannu wajen Usaina.

Ban san lokacin da na isa teburin ba. Na rungume tulun da hannu biyu, sanyin dutsen a kumatuna.

“Hajiya, a'a.”

“Ke, lafiya? Sake shi kar ya faɗo miki.”

“Ba datti ba ne. Zinare ne, Hajiya. Ruwan zinare ne a sama, kin wanke shi ya tafi. Ba ya dawowa. Kaka ya ce ko yatsa ba a sa masa. Ya ce ƙura rakiya ake yi mata.” Ina magana ina kuka, muryata ta yi ƙarfin da ban san ina da shi ba, har Baba ya shigo da gudu, Mama a bayansa da jariri.

Hajiya ta dubi soson da ke hannunta, ta dubi rariya. Ta saki soson, ta zauna daɓas a kan kujera, ta ɗora hannu a ka. “Inna lillahi. Na shiga uku. Na ɓata kayan marayu. Ke kuma kina tsaye kina kallo na, ba ki faɗa ba?”

Na ƙara ƙanƙame Usaina. Har yau tambayar nan tana bi na.

Baba ya ce, “Hajiya, ba komai, wallahi ba komai, alheri kika yi niyya.” Yana faɗa yana kallon Hassana. Ni ma sai na ɗaga kai na kalle ta.

Ta zama wata daban. Duk inda zinare yake ya koma ja-ja mai duhu, kamar tsohon kwabo, da 'yan layukan soso a jiki. Ragunan sun yi tsirara. Na bi sarƙar da ido, don idona ya saba, ɗaya, biyu, uku. A na bakwai daga ƙahon hagu na tsaya. Duk ganyayen ja ne, shi kaɗai rawaya ne fes, kamar ɓawon lemo. Siffarsa ɗaya da sauran, jijiya ɗaya, lanƙwasa ɗaya. Ƙarfen ne kawai ba ɗaya ba.

Na ce, “Ga shi.”

Baba ya ce, “Mene ne?”

Na gaya musu. Karo na farko a rayuwata na yi doguwar magana a gaban manya uku, ba wanda ya katse ni. Na faɗi kakin zuma da yumɓu, da shekara biyar, da dokar kawo dalili. Na ce ban taɓa zargin wannan ganyen ba, ko sau ɗaya, na share shi ya fi sau ashirin.

Baba ya matso, ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

“Munduwar Inna ce.”

Inna yake kiran mahaifiyarsa. Ya ce yana ɗan firamare aka nemi munduwarta ɗaya ta tagulla aka rasa, cikin waɗanda ta zo da su daga gida. Aka zazzage gidan nan kaf, har shi aka tuhuma. Daga baya Kaka ya amsa cewa shi ya ɗauka, wai tagullar shagon ba ta bin hannunsa, ta gida ya sani. Inna ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, tana ajiye masa abinci tana juya baya.

“Ban taɓa tambayarsa me ya yi da ita ba,” in ji Baba. “Shekara arba'in ina shiga falon nan. Ban taɓa tambaya ba.”

Ya kai babban yatsansa kan ganyen. A nan kukan ya zo masa, a tsaye, a gaban surukarsa, kafaɗunsa suna girgiza. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Mama ta fita da jariri ta ja ƙofa.

Da baƙi suka taru, ni na mayar da tagwayen kan kanta, da safar hannu, hannu ɗaya a gindi. Wani dattijo da bai samu zuwa ba sai ranar ya yi wa Baba gaisuwa, ya ce, “Marigayin wane aiki ya yi ne?” Ina tsaye da farantin shayi. Baba ya ce, “Maƙeri ne. Zo ka ga aikinsa.”

Yanzu suna gidanmu a Fallowfield, a saman kabad ɗin littattafai inda hannun yara ba ya kaiwa. Ashe akwai wuri. Kafin Hajiya ta koma Kano ta kira ni ɗaki ta ce in yafe mata, na ce ita ma ta yafe min, muka yi kuka tare. Ta ce, “Daga yau in kin ga zan yi ɓarna, ki daka min tsawa. Na ba ki izini.” Baba ya ce ya samu wani a Birmingham da zai iya sake yi wa Hassana ruwan zinare, ta dawo kamar ba a taɓa ba. Ya tambaye ni, ni, me na gani. Na ce a bar ta. Idan aka rufe, ganyen zai sake ɓacewa, kuma babu sauran wanda zai yi min dariya in na nuna ba daidai ba.

Ban zama maƙeriya ba. Ba idona ne ya gano shi ba, kuma da za a ba ni zaɓi, da na zaɓi in yi ta nema har tsufana, yana zaune yana cewa, “Buroshi, Mai-ido.”

Duk Asabar da safe nakan shimfiɗa bargonsa. Usaina nake fara yi wa, da safa da buroshi, daga sama zuwa ƙasa, yadda ya koya min. Idan na zo kan Hassana sai in cire safar. Babu sauran zinaren da gumi zai ci. Nakan ɗora yatsana a kan ganye na bakwai, inda nasa ya yi makonni yana aiki, in bar shi a nan har ƙarfen ya ɗauki ɗumi.

Allah ka jiƙan bawanka maƙeri. Ka yi wa kura-kuransa rakiya a hankali, yadda ya yi wa ƙura. Ka haɗa shi da Inna, ta yafe masa munduwarta. Amin.